Mizani da Wuta

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Jega ya san ba a raba ciniki da awo. Mai hatsi yana da mudunsa, mai yadi yana da kamunsa, mai albasa kuwa buhu ya ke ƙirgawa. Tun zamanin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin a bakin gulbin Zamfara, wajen shekarar 1820, fatake su ke haɗuwa a nan, waɗansu da goron Gwanja, waɗansu da tufafin Kano da na Nufe, waɗansu da gishirin kwarin Foga, can yamma cikin ƙasar da a ke kira Jamhuriyar Nijar yanzu. A wancan zamani wuri a ke ƙirgawa, zinariya kuwa a auna ta da miskali. Babban sikeli mai ƙugiya sai daga baya ya yawaita, sa'ad da kamfanonin Turawa suka shiga sayen gyaɗa da auduga da fatu. Amma ko da wane irin ma'auni aka yi ciniki, doka ɗaya ce: abin da ya fita hannun wannan shi ne ya shiga hannun wancan. In lissafi ya ƙi fita, to, sai a nemi inda aka yi kuskure, ko inda aka yi ha'inci.

Akwai dai wuri guda inda kowa ya yarda wannan doka ba ta aiki, watau murhu. Wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya ratsa kwarin Foga a shekarar 1853, ya ga yadda a ke yin gishirin nan. A debo ƙasa mai gishiri, a zuba cikin mataci na ciyawa, a kwarara ruwa, a tare abin da ya tsatso, sa'an nan a dafa shi har ruwan ya ƙone, a sami curi. To, ruwan nan da ya ƙone, ina ya tafi? Itacen da aka yi ta turawa ƙarƙashin tukwane fa, ɗauri bayan ɗauri, wanda da safe ba a iske kome nasa ba sai 'yar toka, ina sauransa? Amsar da kakanninmu suka bayar ita ce amsar da mutanen duniya duka suka bayar: wuta ta ci. Abin da wuta ta ci kuwa ba a bin sawunsa.

Yau ɗanka ko 'yarka da ke makarantar sakandare a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, za su komo gida da littafi, ka buɗe ka ga an rubuta wannan layi:

2Mg + O₂ → 2MgO

Kai da ka sha wahalar ajin yaƙi da jahilci har ka iya karanta wasiƙa da jarida, sai ka ga kamar an sake mai da kai baya, don ga baƙaƙe ka san su sarai, amma sun ƙi haɗuwa su zama magana. Kada ranka ya ɓaci. Layin nan ba kome ba ne illa lissafin ɗan kasuwa da aka yi wa wuta. Masana sun yi shekaru aru aru kafin su iya rubuta shi, kuma tarihinsa ya fi shi kansa sauƙin ganewa.

Malaman Musulmi na dā sun ba mizani girma ƙwarai. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 820 ta Masihiyya, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa littafin aljabara, inda ya koya wa mutane su ɗauki lissafi kamar mizani mai tafi biyu, abin da aka yi wa wannan gefe dole a yi wa wancan. Babban sashe na littafin kuwa a kan rabon gado da wasiyya ya ke. Bayan shekara ɗari uku, wajen 1121, wani malami a birnin Marwa, Alhazini, ya bayyana wani mizani mai tsananin kaifi, wanda a ke gane zinariyar da aka gauraya da shi ba sai an narka ta ba. Sun auna ƙarafa, sun auna duwatsu masu daraja, sun auna ruwa. Abin da ya rage shi ne a auna abu kafin ya shiga wuta, a auna shi bayan ya fito, a kuma tare hayaƙin da iskar kada su tsere. Wannan sai da aka jira har ƙarni na 18.

Hanyar da aka bi aka kai ga haka abin mamaki ce, gama daga maganin ciki ta faro. A Ingila akwai wani gari, Epsom. Labarin da mutanen wurin su ke bayarwa shi ne, cikin wani fari da aka yi a shekarar 1618 wani makiyayi ya sami wata 'yar maɓuɓɓuga, ya kai shanunsa, suka ƙi sha sabo da ɗaci. Daga baya aka lura ruwan yana sa zawo, yana wanke ciki, sai mutane suka dinga zuwa sha. A 1695 wani likita, Nehemiah Grew, ya bayyana yadda ya ƙafe ruwan ya fitar da gishirin da ke cikinsa. Wanda ya taɓa shan gishirin Andurus ya ɗanɗani ɗan'uwan ruwan nan, don akwai wannan gishiri mai ɗaci a cikinsa. Daga irin gishirin nan a kan sami wani farin gari mara nauyi, mai kwantar da ƙwarnafi, wanda likitoci suka sa wa suna maganisiya, sunan wani yanki na ƙasar Girka. Da yawansu suna zaton farar ƙasa ce kurum.

A shekarar 1754, shekarar da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wani saurayi mai koyon aikin likita a Edinbara ta ƙasar Sikotlan, Joseph Black, ya gama bincikensa a kan farin garin nan. Abin da ya bambanta shi da na gabansa ba wani yawan littattafai ba ne, haƙurin awo ne. Ya auni gari mai nauyin ƙwaya 120 (ƙwaya wani ƙanƙanin ma'auni ne na masu haɗa magani), ya sa a kasko ya gasa da wuta mai ƙarfi, ya sake aunawa, sai ya ga saura 52. Fiye da rabi ya tafi. Wani da sai ya ce wuta ta ci, ya rufe littafinsa. Shi kuwa ya narka abin da ya saura cikin ruwan asid, sa'an nan ya zuba masa gishirin da a ke tatsa daga toka, dangin ruwan tokar nan da matanmu ke tacewa don miya. Farin gari ya sake kwantawa a gindin kwano. Ya wanke, ya shanya, ya auna, ya sami 110. Watau nauyin da ya gudu ya komo, in ban da ɗan abin da ya salwanta wajen wanki.

Daga nan Black ya fahimci cewa akwai wata iska da ke daskare cikin garin, wuta ta kore ta, gishirin toka kuma ya mayar da ita, don shi ma yana ɗauke da irinta. Iskar nan ita ce wadda mu ke fitarwa in mun numfasa, wadda kuma ke tashi in an buɗe kwalbar lemo. Ya kuma tabbatar maganisiya dabam, farar ƙasa dabam, ko da ya ke halinsu a wuta ɗaya ne. Abin da a ke yi a masana'antar siminti ta Kalambaina, kusa da Sakkwato, ke nan: dutsen farar ƙasa tsantsa mai nauyin kilo 100, in ya gasu sarai, kilo 56 zai rage, 44 ya tashi iska. Ni dai a ganina lambar nan 110 ta fi sauran daraja. Da ya so ya rubuta 120 don lissafi ya yi kyau, ba wanda zai kama shi. Ya rubuta abin da mizani ya faɗa.

Amma fa akwai wata matsala da ta fi wannan wuya. Itace in ya ƙone nauyinsa raguwa ya ke yi, ƙarfe kuwa, kamar kuza da darma, in an gasa shi a sarari har ya zama gari, sai nauyinsa ya ƙaru. Wani likita Bafaranshe, Jean Rey, ya rubuta wannan tun 1630, ba a kula shi ba. Masanan Turai na lokacin sun riƙe cewa akwai wani sinadarin wuta a cikin duk abin da ke ƙonewa, shi ne ke fita ya bar toka. Da aka tambaye su yaya abu zai fita daga jikin ƙarfe amma ƙarfen ya ƙara nauyi, sai waɗansunsu suka ce ai sinadarin nan nauyinsa bai kai babu ba, ɗaga abu ya ke yi sama. Ka ji irin amsar da mutum kan bayar in ya fi son maganarsa da gaskiya. A kasuwar Jega, dillalin da ya ce ya debi mudu biyu a buhunka don buhun ya ƙara cika, ai ba zai kai la'asar ba.

Wanda ya warware wannan shi ne Antoine Lavoisier, mutumin Faransa, wanda aka haifa a 1743. Ya kamata a san sana'arsa, don ita ta ba shi ido. Yana cikin attajiran da suka yi kwangilar karɓar haraji a madadin sarkin Faransa, har da harajin gishiri da na taba, aikinsa kullum shi ne duba littafin shiga da fita. Da dukiyar da ya tara ya sa aka ƙera masa mizanai waɗanda ba su da na biyu a zamaninsa, matarsa Marie-Anne kuwa ita ke rubuta sakamakon gwaji, tana zana kayan aikin. A 1774 ya zuba kuza cikin kwalba, ya liƙe bakinta ƙam, ya auna, ya gasa har kuzar ta soma zama gari, ya sake auna kwalbar ba tare da ya buɗe ba. Nauyi bai ƙaru ba, bai ragu ba. Da ya fasa bakin, sai ya ji iska ta ruga ciki, ya auna, sai ga ƙari. Ƙarin nan kuwa ya yi daidai da abin da kuzar ta ƙara. Ashe ba wani abu ke fita daga ƙarfe ba, wani sashe na iska ne ke shiga. Shi ya raɗa wa wannan sashe suna oksijin. A cikin littafinsa na 1789 ya kafa doka cewa a kowane aiki na kimiyya, nauyin abin da aka fara da shi daidai ya ke da nauyin abin da aka ƙare da shi. Itacen murhu ma bai ɓata ba. In da za a tare hayaƙinsa da tururinsa a haɗa da toka a auna, sai a ga sun fi itacen nauyi, gwargwadon iskar da wutar ta sha.

Sana'ar da ta ba shi ido ita ta ci shi. Talakawan Faransa sun ƙi jinin masu karɓar harajin nan, kuma ba a ce ba su da dalili ba. Bayan juyin mulki aka kama su, aka sare kansa tare da surukinsa ran 8 ga Mayu, 1794.

Lavoisier ya yi zaton farin garin maganisiya ma wani ƙarfe ne da ya riga ya sha oksijin, amma ba shi da hanyar raba su. A 1808, shekarar da jama'ar Shehu suka ci Alƙalawa, wani Baturen Ingila, Humphry Davy, ya raba su da ƙarfin lantarki, ya sami ɗan kaɗan na ƙarfen. Shi ne maganisiyam, fari kamar azurfa, ya fi alminiyam rashin nauyi. A wannan shekara kuma wani malamin makaranta a Manchesta, John Dalton, ya buga littafin da ya ce kowane sinadari ƙwayoyin zarra ne iri ɗaya masu nauyi ɗaya, kuma in sinadarai suna haɗuwa, ƙwayoyin nan ba a halittar sababbi, ba a hallaka tsofaffi, abokan zama kurum su ke sakewa. Wajen 1813 wani masani na ƙasar Suwidin, Berzelius, ya kawo dabarar a ba kowane sinadari baƙi ɗaya ko biyu daga sunansa na Latin. Da haka kayan rubuta layin nan suka cika, 'yan shekaru kaɗan kafin a kafa Jega.

Yanzu sai mu koma mu karanta shi. Mg maganisiyam ne, O oksijin, kibiyar kuwa tana nufin "ya zama". In an kunna wa siririn fallen maganisiyam wuta, ya kan kama da wani farin haske mai kashe ido, wanda ba a so a ƙura masa ido, masu ɗaukar hoto na dā da shi su ke haskaka dare. Abin da ya ke bari farar toka ce, MgO, watau ƙwayar maganisiyam ɗaya riƙe da ƙwayar oksijin ɗaya. Ita oksijin kuwa ba ta yawo ɗaya ɗaya cikin iska, bibbiyu ta ke tafiya kamar shanun huɗa a karkiya guda, shi ya sa a ke rubuta ƙaramin 2 a ƙasanta. To, in yaro ya rubuta Mg ɗaya da O₂ a hagu, MgO ɗaya a dama, ka tambaye shi: oksijin biyu suka shiga, ɗaya ta fito, ina ɗayar? Lissafi bai fita ba. Dole a sami toka biyu don kowace oksijin ta sami wurin zama, toka biyu kuwa sai da maganisiyam biyu. Shi ke nan dalilin manyan lambobin 2 da ke gaban Mg da MgO. Ƙirga ka gani: biyu da biyu a hagu, biyu da biyu a dama.

Kuskuren da yara suka fi yi shi ne su taɓa ƙaramar lambar ƙasa, su liƙa 2 a gindin MgO don a huta. Wannan haramun ne a wannan ilmi. Babbar lambar gaba yawan buhuna ta ke faɗi, ƙaramar ta ƙasa kuwa tana faɗin abin da ke cikin buhun. Wanda ya sake ta ya yi kamar akawun da lissafinsa ya ƙi fita, ya goge gero ya rubuta dawa.

Da ya ke kowace ƙwaya tana da nauyinta, layin yana faɗin nauyi kuma. In an ɗauki ƙwayar haidirojin, wadda ta fi kowace rashin nauyi, a matsayin 1, maganisiyam 24 ne, oksijin 16. Sabo da haka giram 48 na ƙarfen da giram 32 na oksijin su ba da giram 80 na toka. A taƙaice, giram 3 na ƙarfe ya zama giram 5 na toka. Ga wuta ta ci abu, abin ya ƙara nauyi. A makaranta a kan gwada wannan cikin ɗan kasko mai murfi, ana ɗaga murfin kaɗan kaɗan don iska ta shiga. Sau da yawa awon ya kan gaza kaɗan, domin farin hayaƙin da ya sulale toka ce ta gudu. Yaron da ya gyara lambarsa don ta dace da ta littafi ya sami maki, amma ya bar darasin a baya. Gara malami ya karɓi lambar da ta gaza, ya tambayi yaron ta ina sauran ya bi.

Haka a ke bi da kowane layi. Farin maganin nan mai kama da madara da a ke sha don zafin ciki, in ya gamu da ruwan tsamin da ke cikin tumbi, ga abin da ke faruwa:

Mg(OH)₂ + 2HCl → MgCl₂ + 2H₂O

H haidirojin ne, Cl kulorin, H₂O kuwa ruwan sha ne tsantsa. Haidirojin huɗu a hagu, huɗu a dama. Oksijin biyu, biyu. Kulorin biyu, biyu. Maganisiyam ɗaya, ɗaya. Layin ya nuna kowace ƙwaya ta maganin tana kashe biyu na tsamin, da irin wannan lissafi kuwa masu haɗa magani su ke sanin iyakar abin da za a ba mutum.

Ba a ɗakin gwaji kaɗai maganisiyam ya ke ba, ko da ya ke tun 2006 da gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, 'ya'yan manoman wurin ba sai sun yi nisa ba kafin su gan shi da idonsu. A jikin babban mutum akwai wajen giram 25, fiye da rabi a cikin ƙashi, watau masu ɗorin Aliero sun daɗe suna taɓa shi ba su san sunansa ba. Wani masani Bajamushe, Richard Willstätter, wanda aka ba lambar Nobel a 1915, ya gano cewa sinadarin da ke sa ganye ya yi kore yana da maganisiyam a cikinsa. Koren lawashin albasa, da na dawa da gero a gonakin Maiyama, duk da shi aka yi su, kuma daga ƙasa shuka ta ke jawo shi.

A nan ne dokar Lavoisier ta shafi aljihun manomi. Albasar da aka ajiye a rudu ta yi watanni ta rage nauyi, mafi yawan abin da ya tafi ruwa ne, damina za ta kawo wani. Amma sinadaran ƙasa da ke cikin albasar, in mota ta ɗauke ta zuwa Ikko ko Anaca, sun tafi ke nan, ba ruwan saman da zai mayar. Karan dawa in an ƙone shi, naitirojin ɗinsa ya bi iska, maganisiyam kuwa ya zauna cikin toka. In tokar ta tafi juji, jujin ya koma gona tare da takin dabbobi, an biya wani sashe na bashin. In ba ta koma ba, shekara bayan shekara, musamman a jigawa mai rairayi inda ruwa ke wanke ƙasa, sai ka ga tsofaffin ganyayen masara na ƙasa sun yi zane zane rawaya tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin kuwa suna nan kore.

Mai karatu, in ka je sayen takin zamani, dubi baƙaƙen nan uku da ke jikin buhu, N da P da K. Su ne baƙaƙen Berzelius. N naitirojin, P fosfaras, K fotasiyam, kuma asalin wannan K daga kalmar Larabci ta tokar tsirrai ya ke. A buhun da aka rubuta 15-15-15 ba a yi maka alkawarin maganisiyam ko kaɗan ba. Akwai wani iri da a ke rubuta wa 12-12-17, sa'an nan a ƙara 2MgO a ƙarshe. Wannan 2 ba irin na layin ɗan makaranta ba ne, yana nufin kashi 2 cikin 100 na nauyin buhun. A buhu mai kilo 50 ke nan akwai abin da ya yi daidai da kilo 1 na farar tokar nan. Da ya ke kuwa a kowane giram 5 na tokar giram 3 ne ƙarfen, abin da ka saya wa gonarka na maganisiyam a buhun nan giram 600 ne.